Amilas a Ɗakin Gwaji: Yadda Ake Tabbatar da Gilaikojin a Tsokar Hanta

Ku ɗauka ga gilasai biyu na ɗakin gwaji a gabanku. A kan kowanne an shimfiɗa yanka siriri daga tsokar hanta guda, an kuma rina su da rini iri ɗaya, amma na dama ya yi ja mai ratsin shunayya, na hagu kuwa ya koɗe. Abin da ya bambanta su shi ne, kafin rini an jiƙa na hagu a ruwan amilas, sinadarin da ke narkar da sitaci.

A shekarar 1833 masana biyu na Faransa, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka ciro shi daga sha'ir mai tsiro, suka kira shi dayastas, sunan da ma'aikatan nazarin tsoka ke amfani da shi har yau. Yana cikin yawunmu, kuma aikinsa ne masu kunun zaki ke nema idan suka zuba niƙaƙƙen tsiron hatsi a damammen gasara, sai kaurin ya sake, zaƙi ya fito. Amilas yana datse mahaɗan da suka jera ƙwayoyin gulukos, wato sukarin da aka gina sitaci da shi, dogon zaren sitaci ya koma guntayen sukari masu narkewa a ruwa. Gilaikojin, wato ajiyar sukarin da hanta ke yi, ginin mahaɗansa kusan ɗaya ne da na sitaci, don haka shi ma amilas yana cinye shi.

Rinin da aka yi wa gilasan nan biyu, wanda ake kira PAS, ba gilaikojin kaɗai yake mayarwa ja ba, yana kama majinar da wasu ƙwayoyin jiki ke fitarwa, da bangon naman gwari, da wasu furotin masu haɗe da sukari. Likitan da ya ga ja a ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa ba zai iya rantsewa kan abin da ya gani ba. Shi ya sa ake ɗaukar yanka na biyu a bar shi cikin amilas a ɗumi irin na jikin mutum, digiri 37, sannan a wanke shi sosai, a rina shi tare da ɗan'uwansa. Duk jan da ya ɓace gilaikojin ne. Duk wanda ya tsaya wani abu ne daban, kuma sau da yawa shi ake nema. A cutar gado ta ƙarancin furotin alfa-1 antitiripsin, furotin ɗin yana maƙalewa cikin ƙwayoyin hanta a dunƙule, kuma sai an share gilaikojin dunƙulen suke fitowa jajur a fili.

Akwai sharaɗin da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Amilas furotin ne, yana mutuwa idan ya tsufa ko aka ajiye shi cikin zafi, kuma mataccen amilas yana barin gilaikojin a inda yake, ya sa a ɗauka wani abu ne mai jure narkewa. Saboda haka dole a haɗa kowane zagayen gwaji da yankan hanta da aka tabbatar yana ɗauke da gilaikojin. Idan bai koɗe ba, sakamakon wannan zagaye gaba ɗaya ba abin dogaro ba ne. Wasu suna amfani da yawu idan garin amilas ya yanke, kuma yana narkarwa, sai dai ƙarfinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ga kuma ƙwayoyin cuta, don haka bai dace da tsokar majiyyaci ba.

Ɗakunan gwajin abinci su ma suna amfani da shi. Idan za a auna sitacin garin rogo ko masara, ana dafa samfurin da amilas mai jure tafasa wanda ake samu daga bakteriya, a bi shi da wani sinadarin da ke ƙarasa guntayen su zama gulukos zalla, a auna gulukos ɗin, sannan a ninka adadin da 0.9 domin a sami nauyin sitacin da ke cikin garin.