Tsutsar sauro da man kanumfari: laccar da aka yi a Agege

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To madalla. Abu uku zan faɗa in ruwan nan ya bar mu.

Na farko, ga kwalba, a miƙa ta ta zagaya. Da safen nan na ɗebo ruwan daga wata tsohuwar taya a wurin masu faci. Kun ga abin da ke mutsu-mutsu, kai ƙasa wutsiya sama? Tsutsar sauro ke nan. Ta wutsiyar take shaƙar iska. Hajiya, ɗan ƙwanƙwasa kwalbar. Kun ga ta nutse? Yanzu za ta dawo, dole, tunda ba kifi ba ce. Ta sauron maleriya kuwa kwanciya take yi a saman ruwa. A zafin Legas, mako guda zuwa kwana 10 ya ishe ta zama sauro mai tashi. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, can Indiya, amma har yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya a Najeriya suke. Kuma sauron ya fara jure maganin da ke jikin gidan sauro. Shi ya sa nake cewa a same shi tun yana ruwa, bai yi fiffike ba.

To, kanumfari. Wallahi ina son kanumfari! Wanda kuke sayowa a Mile 12 ku zuba a kunu da shayi. Wa ya taɓa danna shi a haƙori mai ciwo? Hannaye da yawa, masu goro sun fi yawa (dariya). Wannan dindiris ɗin da ka ji, wani sinadari ne a cikin man, sunansa yujinol. Shi ne guba ga tsutsar. Ba jiƙa kanumfari ake yi ba, a'a. Tururi ake bi da shi ta ciki, tururin ya kwaso man, a sanyaya, a raba. Kuma abin mamaki, man kanumfari ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi. Nutsewa! Ka ɗiga shi a kwata, ya tafi ƙasa ya kwanta, tsutsa tana sama. Sai an gauraya shi da abin da zai watsa shi cikin ruwan. A kofi a ɗakin gwaji yana kashewa, babu musu, amma kwatar unguwarmu da damina ba kofi ba ce. Masu kiwon tarwaɗa, ku ji da kyau: da man nan ake sumar da kifi, kada ya kusanci tafkinku.

Na uku… na biyu ne? To, ɓawon lemu, wanda masu lemo ke zubarwa buhu-buhu. Matsa shi kusa da ashana ka ga wuta ta yi fau, mai ne. Da daɗɗoya, da bishiyar turare, duk an gwada. Matsalarsu ɗaya, ƙamshin nan da kake ji man ne ke gudu, ba ya daɗewa, ga tsada. Darbejiya ita ta daban ce, hana tsutsar saɓa take yi.

Alhaji, na ga hannunka. Baƙin mai? A kwata? Don Allah a daina. Gaskiya ne yana toshe mata numfashi, amma ruwan farko zai kwashe shi zuwa kogi, wani ya tsiyaye cikin rijiyar da 'yan garuwa ke ɗiba, mu sha. Shagonka a ina yake, Alhaji? Akwai tayoyi a baya? To gobe da safe ka sa yara su kife su, ko a huda su, a rufe durom. A dawo mini da kwalbata, kada wani ya buɗe ta a nan.