Hausar baki da Hausar takarda: jawabi a taronmu na Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma wakilin Sarkin Zango, Allah ya ja zamanin Sarki. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Shugaban ƙungiya, Magajiya da iyayenmu mata, 'yan'uwa da suka taso daga Aboabo da Asawasi da Sawaba, da samarin da suka tsaya can bakin ƙofa don su sulale idan na tsawaita, ina gaishe ku baki ɗaya.

A taron watan jiya aka ɗora mini aikin zagayawa in ji ra'ayin jama'a a kan littattafan da za mu fara karantawa tare, in kuma zo da tsari. Na zaga. Na sha koko a gida bakwai, na sha musu a gida tara. Amma kafin in kawo muku abin da na jiyo, bari in faɗi abin da na gano, don shi ya sauya mini lissafi gaba ɗaya. Na ɗauki littafin Hausa ɗaya a aljihu, duk gidan da na shiga sai in miƙa wa yaron gidan in ce ya karanta mini layi biyu. Yaran nan suna karanta Turanci kamar ruwa. Da yawansu suna karanta Tonanci, harshen Asante, don ana koyar da shi a makaranta. Sun sauke izu da dama a allo. Hausa kuwa, wadda da ita suke cin tuwo, da ita suke faɗa a filin ƙwallo, sai suka riƙa tuntuɓe a kanta kamar mai tafiya cikin duhu. Wani ya tambaye ni me ya sa aka lanƙwasa wa harafin k kai.

Ban ga laifinsu ba. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ware don koyarwa a makarantun yara, duk da cewa za ka yi ciniki da ita daga Kejetiya har Bawku, kuma gidan rediyon ƙasa yana labarai da ita. Mu ma manya, in za mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu suka taɓa karanta littafin Hausa daga bango zuwa bango? Ni kaina a nan Aboabo aka haife ni, sai da aka tura ni Zariya wajen kawuna ina ɗan shekara goma sha biyu sannan na san ana rubuta Hausa da boko. Ranar farko na ce "innana ya aiko ni", yaran unguwa suka yi ta dariya har da faɗuwa. Sai da na shekara kafin bakina ya saba da "ta". Saboda haka duk tsarin da zan kawo, na gina shi ne a kan mutanen da Hausa ke bakinsu amma ba ta idonsu.

To, ga abin da na jiyo. Dattawa, kusan bakinsu ɗaya, Magana Jari Ce suke so. Ina ganin dalilinsu. Wanda duk ya zauna a Arewa ko ya yi ɗan zama a makarantar can ya san aku mai bakin tsiya, wanda ya riƙa tsare ɗan sarki Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya a 1936, aka fitar da shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Ya ɗebo wasu labaran daga na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula har ba ka iya gane baƙi ne. Ba na jayayya da darajarsa. Amma littafi uku ne, labarai wajen tamanin, kuma Hausarsa cike take da karin magana da habaici. Idan muka fara da shi, ina tsoron kafin aku ya gama dare na biyar, samarin can na bakin ƙofa sun koma kallon ƙwallo.

Ni Ruwan Bagaja nake so mu fara da shi, kuma zan tsaya a kan wannan ko da Baba Alhaji da ke harara ta zai hana ni goro. Imam ɗin dai ne ya rubuta shi, yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke kula da ofishin fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malaman makaranta su ƙaga labari da Hausar boko, aka sa gasa. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar da har yau ake kira na farko: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara wanda yayan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Ruwan Bagaja ɗan siriri ne, ana iya naɗe shi a aljihun riga. A cikin labarin, wani Alhaji ne ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da suka haɗu, ɗaya sai ya yi wa ɗaya tsiya, wannan ya sa a ɗaure wancan, wancan ya rama a gari na gaba. Na gwada karanta wa jikokina babi ɗaya da dare, wutar lantarki ta ɗauke, suka kawo fitilar waya da kansu don kada in tsaya. Yaron da ya yi dariya a shafi na uku zai jure wa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ har shafi na talatin.

Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce mu sa Ganɗoki a gaba, don yara su san an yi yaƙi da Turawa. Rabinsa na farko yana da daɗi ƙwarai, akwai kirari da ƙarar takobi. Daga baya sai ya wuce ƙasar aljannu, ni a nan yake sake ni. Mu ajiye shi zuwa baɗi. Jiki Magayi kuwa, labarin attajirin da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da abin da ramuwar gayya ta haifar, wannan na manya ne, kuma ba zan faɗi ƙarshensa ba ko an matsa mini.

Inda nake so in daɗe kaɗan shi ne Shaihu Umar. Da na ambace shi a wani gida, maigidan ya ce, "Ai na Firayim Minista ne," kamar wannan ne kaɗai abin da ke cikinsa. Lokacin da ya rubuta shi malamin makaranta ne a Bauci, ko shekara 22 bai cika ba. Firayim Ministan Nijeriya sai a 1957, aka kashe shi a Janairun 1966. Littafin babu barkwanci a ciki. Umar wani malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An sace shi yana ƙaramin yaro, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wajen wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi karatu. Uwarsa kuma ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma aka mai da ita baiwa, aka kai ta Murzuk, daga can Tarabulus. Sun haɗu daga ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta.

Na karanta shi a Zariya ina yaro, ban ji komai ba sai tausayi. Na sake karanta shi a nan bayan na yi furfura, sai na ga ashe da mu yake. Hanyar Umar arewa ta yi, ta kakanninmu kudu ta yi, hanyar Gwanja, da jakuna da kanwa da baƙin saƙi, a komo da goro. Muna son ba da wannan labari, muna alfahari da madugai. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne kasuwar Salaga, can ƙasar Gwanja, ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba, har da mutane, kuma fatake Hausawa suna cikin masu saye. A zangunanmu akwai jikokin wanda ya zo da ayari, akwai jikokin wanda ayari ya zo da shi, yau duk mun zama dangi, mun yi auratayya, muna sahu ɗaya a masallaci. Tafawa Ɓalewa bai yi wa kowa wa'azi ba a littafin, ya dai nuna yadda ake raba uwa da ɗa a kan kuɗi, kuma masu yin haka suna salla. Ina so mu karanta shi a ɗakin nan, da dattawa a zaune, mu ji abin da zai fito daga bakinsu. Akwai tsofaffin da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka cika motoci da mutanen da ba su san wani gida ba sai Kumasi. Su ba sai an fassara musu abin da Umar ya ji ba.

Iyayenmu mata sun kama ni da wata magana, kuma sun yi gaskiya. Wata Hajiya ta ƙirga littattafan da na lissafa da yatsunta, ta ce, "Malam, duk maza ne suka rubuta, mu a ciki daga uwa mai kuka sai budurwar da ake faɗa a kanta." Ba ni da amsa. Saboda haka na sa So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, aka buga shi a 1980, labarin 'yar Fulani da ta kafe a kan wanda take so. Na kuma sa Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, a kan magidancin da ya kori uwargida da 'ya'yanta saboda wata. Wani ya ce mini wannan ai littafin kasuwar Kano ne, bai kai a kira shi na gado ba. Na ce littafin da ya haura shekara talatin ana karanta shi, har aka juya shi zuwa Turanci, ya wuce a raina shi. Ina kuma zargin wasu mazan ba ingancinsa ne ke damunsu ba.

Samari sun nemi a sa na Turanci. Ba zan hana ba, amma makaranta tana yi muku wannan. Guda ɗaya na yarda da shi, The Prophet of Zongo Street na Mohammed Naseehu Ali, na 2005, don marubucin ɗan garin nan ne kuma za ku gane lungunan da yake faɗi.

Kada kuma wani ya fita daga nan yana zaton rubutun Hausa kayan Nijeriya ne da muke aro. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete Karachi, a can ya yi ta rubuta waƙoƙi da tarihi da ajami, har da waƙarsa a kan zuwan Nasara da wadda ya yi a kan talauci da wadata. Ya rasu a 1934, daidai lokacin da ake buga waɗancan littattafai a Zariya. Akwai rubuce-rubucensa a ajiye a cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon. Malam Liman ya yi mini alkawarin zai karanta mana wani abu daga waƙoƙinsa, tunda shi ajami ba ya ba shi wuya, mu da boko ya lalata sai mu saurara.

Tsarin kuwa ba shi da yawa. Kowace Lahadi bayan La'asar, minti arba'in, a nan. Da baki za mu riƙa karantawa, kowa shafi ɗaya, babba da yaro, don wanda bai iya ba ya bi da ido yana ji da kunne. Makonni biyun farko na haruffa masu ƙugiya ne kawai, da bambancin "kafa" da "ƙafa", da "dauri" da "ɗauri". Daga nan Ruwan Bagaja wata biyu. Sai kashin farko na Magana Jari Ce, labari ɗaya a mako, don Baba Alhaji ya huce. Da azumi za mu dakata, kowa ya koma ga Alƙur'aninsa. Bayan salla Shaihu Umar, sannan na mata guda biyu. Doka ɗaya ce tak: ba a yi wa kowa dariya in ya ce "ya" a wurin "ta". Littafi zai gyara masa a hankali, kuma Hausarmu ta Gana ba abin kunya ba ce, ni na sha wannan dariya na san zafinta.

Saura littattafan. A hannuna akwai Ruwan Bagaja guda uku, ɗaya bangonsa ya cire, da Shaihu Umar guda ɗaya. Muna bukatar aƙalla goma-goma. Ɗaya daga cikin direbobinmu da ke zuwa Kano zai tashi ƙarshen wata, ya ce zai sayo mana ba tare da ya karɓi ladan ɗauka ba, Allah ya saka masa da alheri. Ma'aji yana nan gefen taga da littafinsa, wanda ya samu sidi goma ya ba da, wanda ya samu hamsin kada ya ji kunya. Masu son shiga karatun kuma su ba sakatare sunansu kafin a kira Magariba, har da ku na bakin ƙofa, na ga ba wanda ya sulale.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.