Kilomita 161.9 a sa'a, kuma ba shi ya ci tseren ba

Jama'a, ku dubi lambar nan da ke ƙasan allo a faifan bidiyon nan: 161.9. Kilomita ke nan a sa'a guda. Ba mota ba ce, ba babur ba, ɗan Adam ne a tsugune kan katakon zamiya guda biyu, yana gangaro dutse a kan dusar ƙanƙara. Sunansa Johan Clarey, ɗan Faransa. Wurin kuma Wengen ne a ƙasar Suwizalan, ranar 19 ga Janairun 2013. Kafin wannan rana ba a taɓa auna wani yana irin wannan gudu a tseren Kofin Duniya na zamiyar ƙanƙara ba.

Tun da faifan nan ya dawo yana yawo, tambaya ɗaya ake ta jefo mini: to ai shi ya ci ko? Bai ci ba. Christof Innerhofer na Italiya ne ya ci, shi kuwa gogan naku ko cikin ukun farko bai shiga ba. Wani har ya rubuto mini wai an yi masa maguɗi ne. Malam, babu maguɗi. Tsaya ka ga inda gizo ke saƙar.

Na'urori iri biyu ne a kan dutsen nan, kuma aikinsu daban. Ga ta farko, ta gefen hanya. Ita gudun mutum take aunawa a wuri ɗaya tak, daidai lokacin da ya gifta ta. Ita ce ta ba da 161.9. Alƙalai ba ruwansu da ita, don 'yan kallo aka sa ta. Ta biyu ita ce agogo. Ku kalli ɗan siririn sandan nan da ke gaban gwiwarsa a ɗakin tashi: yana ture shi agogo ya fara lissafi, ba zai tsaya ba sai ya ratsa hasken da ke layin ƙarshe. Wanda agogonsa ya nuna lokaci mafi ƙanƙanta, shi ya ci. Shi ke nan dokar.

Yanzu ga taswirar hanyar. Ana kiranta Lauberhorn, ita ce mafi tsawo a Kofin Duniya, kusan kilomita huɗu da rabi, tafiyar minti biyu da rabi. Wurin da Clarey ya kafa tarihinsa shi ne nan ƙasa, Hanneggschuss, miƙaƙƙen gangare a cikin inuwar itatuwa. Sakan nawa mutum yake yi a cikinsa? Kaɗan ne ƙwarai. A wannan gudun yana cinye mita 45 a kowane sakan, kafin ka ce kwabo ya fice.

Mu koma sama. Nan ne Kernen-S, ƙunƙuntar kwana biyu a jere, dama sannan hagu, raga a gefe. Dole kowa ya rage gudu, har ya sauko ƙasa da rabin wancan adadi. Ku lura da ƙurar ƙanƙarar da ke tashi daga ƙafar wannan ɗan tseren. Duk ƙurar nan birki ce, ya goga katakonsa a kaikaice. Ga wani kuma, ya yanka kwanar da kaifin katako, babu ƙura, ya fita sumul. Bambancin gudunsu a mafita ƙila bai taka kara ya karya ba. Amma me ke gaba? Ɗan rami a ƙarƙashin layin dogo, sannan doguwar shimfiɗa mai saukin gangara. Babu inji, babu totur da za a murɗa. Abin da ka fito da shi daga kwana, da shi za ka yi ta tafiya, kuma kowane sakan wancan yana ƙara ba ka rata. Asarar da aka tafka a nan, 'yan sakan na Hanneggschuss ba sa iya biyan ta.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san direban da ke take mota a miƙaƙƙiyar hanya har cikinka ya ɗuri ruwa, ya zo kwana ya dinga tattaka birki, ku isa tasha ku tarar da wanda kuka wuce yana shan shayi.

Ga kuma ƙarshen hanya, wata kwana biyu bayan an shafe sama da minti biyu a tsugune. Ku dubi cinyoyinsu, rawa suke yi.

Wannan tsugunon ma, da aka dunƙule kamar ƙwai don iska ta wuce, wani Bafaranshe ne ya fito da shi duniya, Jean Vuarnet, wanda ya ci zinare a Olimfik na 1960. Clarey ƙato ne, dogo, irin jikin da ke jin daɗin miƙaƙƙen gangare. Ba wai bai iya kwana ba ne, kada a ce na ce. Wanda bai iya kwana ba ba ya hawa dandamalin nasara a tseren Kitzbühel na ƙasar Ostiriya.

Sauran tarihinsa a gurguje. An haife shi a Annecy a Janairun 1981, ya taso a Tignes, cikin tsaunukan Alps. Ya fara Kofin Duniya a 2003, sai a 2009 ya fara shiga ukun farko, a Val Gardena da ke Italiya. Raunuka sun ci masa lokaci. A 2019, a gasar duniya ta Åre da ke Suwidin, ya ɗauki azurfa a Super-G, wato ƙanin tseren gangara, mai yawan kwana, wanda ba a yarda a gwada hanyarsa da gudu kafin tsere, sai dai a bi ta a hankali a haddace. Dominik Paris ya riga shi da 0.09 na sakan. Shi da Vincent Kriechmayr lokacinsu ya zo ɗaya cif, aka ba kowa azurfa.

Sai Olimfik na Beijin, 7 ga Fabrairun 2022, bayan iska ta sa an ɗaga tseren da kwana ɗaya. Yana da shekara 41. Beat Feuz na Suwizalan ya yi minti 1 da sakan 42.69, Clarey ya yi 42.79. Na zauna na yi lissafi, ratar ba ta wuce kamar mita uku ba, a hanyar da ta haura kilomita uku. Ku kalli fuskarsa dai. Ni ban taɓa ganin wanda ya zo na biyu yana murna haka ba. Azurfar nan ta mai da shi mafi yawan shekaru da ya taɓa samun lamba a tseren tsaunuka na Olimfik, ya karɓe tarihin daga hannun Bode Miller na Amurka, wanda ya yi nasa yana ɗan 36.

A Janairun 2023, yana da 42, ga shi a Kitzbühel kuma, hanyar da 'yan tsere suka fi shakka. Na biyu, bayan Aleksander Aamodt Kilde na Norwe, kamar dai yadda aka yi a 2022. A watan Maris ya ajiye katako, bayan shekara 20 yana fafatawa a Kofin Duniya ba tare da ya zo na ɗaya ko sau guda ba.

Bari in sake sako muku Hanneggschuss ɗin a hankali. Wannan karon ku bar lambar ƙasa, ku kalli agogon da ke gefe.