Amsoshin Tambayoyinku: Tayar Sanyi, Girman Rim da Tayoyin Beljiyam

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, barka da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Zariya. Wasiƙun da suka taru a wannan makon kusan duk maganar taya ce, sai na tsinto waɗanda suka yi kama da juna domin amsar wani za ta yi wa wani amfani.

Ta farko daga wani ɗan Samaru ce da yake aiki a Jamus, ya ce ta intanet yake kama mu. Ga abin da ya rubuto: "Na sayi Golf GTI, a jikin tayar an rubuta 225/40 R18. Sanyi ya matso, mai sayar da taya ya ce in sayi rim mai inci 17 da taya siririya, in ajiye na 18 ɗin sai zafi ya dawo. Ni gani nake so yake kawai ya sayar min da rim, kuma motar za ta yi muni. Akwai gaskiya a maganarsa?"

Toh ɗan'uwa, Allah ya tsare ya sa ka kashe lafiya. Mutumin nan bai cuce ka ba, wallahi shawarar da ya ba ka ita zan ba ƙanina. Amma bari mu bi abin a hankali domin ka san me za ka saya, kar ka je ka sayi 17 ɗin da ba shi ba.

Tayar da ta zo da irin motarka ta lokacin zafi ce, robarta an haɗa ta ne ta kama titi idan ta ɗau ɗumi, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara taurare kamar yadda man kaɗe ke daskarewa da hunturu, kuma robar da ta taurare ba ta riƙe kwalta, ka taka birki motar ta ci gaba da tafiya abinta, ko da babu ƙanƙara a ƙasa. Ita tayar sanyi robarta na nan da laushi a cikin sanyin, kuma in ka duba ta kusa za ka ga kowane tudu na zanenta an tsattsaga shi da ƙananan layuka masu lanƙwasa, su ne suke cizon dusar ƙanƙara. A Jamus kuma ba ma zaɓi ba ne, doka ce: idan titi ya yi ƙanƙara ko santsin sanyi dole motarka ta kasance da tayar sanyi, kuma tun Oktoban 2024 wadda ake karɓa ita ce mai tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙanƙara a cikinsa, rubutun M+S na gefen taya, mai nufin laka da dusar ƙanƙara, shi kaɗai ya daina wadatarwa. Tarar tana farawa daga Yuro 60, ga maki da za a rubuta maka a lasisi. Su can al'adarsu daga Oktoba zuwa Ista suke barin ta a mota.

Yanzu lambobin. 225 faɗin tayar ne a milimita. 40 ɗin nan tsayin gefenta ne, wato daga bakin rim zuwa inda take taɓa ƙasa, amma ba milimita ba ne, kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, ka ga ya zama milimita 90 kenan. 18 kuma girman rim ne a inci. In ka haɗa rim da gefen taya na sama da na ƙasa, tsayin ƙafar motarka gaba ɗaya ya kama milimita 637. Wannan lambar ita ce za ka riƙe, ita ce ba a son a taɓa, domin agogon gudu da birkin ABS mai hana ƙafa kullewa da na'urar da ke hana motar zamewa duk da juyawar ƙafar suke lissafi. Duk abin da ka rage a rim sai ka mayar da shi a gefen taya. 225/45 R17 tsayinta 634 ne, bambancin milimita 3 kacal. 205/50 R17 kuma 637 ɗin take bayarwa cif. Amma da za ka ɗauki 225/40 ɗin nan ka ɗora a rim 17, ƙafar ta koma 612, ta ragu da kashi 4 cikin ɗari, agogo na nuna maka 100 alhali 96 kake yi, motar ma ta ƙara yin ƙasa. Masu harkar ba sa son bambancin ya wuce kashi 3, ni kuma na fi so ka tsaya kusa da 1.

Me ya sa siririya? Taya mai faɗi idan ta shiga dusar ƙanƙara ko wannan caɓin na ƙanƙarar da ta fara narkewa, turawa take yi tana hawa kansa, siririya kuma nauyin motar ya fi taruwa a ɗan siririn wuri sai ta keta ta kai ga kwalta. Sannan gefenta mai tsayi yana shanye duka in ka faɗa rami, ga ta fi araha, ga kuma gishirin da suke watsawa a titi yana cin fentin rim, gara ya ci na sanyi mai sauƙin kuɗi ka ɓoye mai kyan. Sai dai kar ka zarce, motarka mai ƙarfi ce, kuma yawancin kwanakin sanyi a biranen Jamus titi a share yake, sanyi ne da jiƙa kawai, a irin wannan faɗi ma na da amfaninsa. In a gari kake zirga-zirga 225/45 R17 ta ishe ka. In kana hawa wajen duwatsun kudu inda ƙanƙara ke kwana a titi, ɗauki 205/50 R17.

Inda mutane suke asarar kuɗi shi ne wajen rim ɗin kansa. Mota mai gudu faifan birkinta babba ne, kuma ƙarfen da ke matse faifan, wanda makanikai ke ce wa kalifa, yana cin wuri a cikin rim. GTI akwai mai faifan gaba na milimita 312, akwai mai 340, mai 340 ɗin rim 16 ba zai shiga ba sam, shi ya sa nake cewa ka tsaya a 17, kuma ko 17 ɗin a gwada shi a ƙafar gaba a juya da hannu a ga bai goga ba kafin a ɗora taya, don in an riga an ɗora ba kowa zai karɓa ya mayar maka da kuɗi ba. Ramukan notinka 5x112 ne, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, ramin tsakiya milimita 57.1, sai lambar da ke bin haruffan ET a bayan rim, ita ke nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje, ka nemi wadda ta yi kusa da ta rim ɗinka na asali. Ka tambaya ko notin motarka zai zauna a sabon rim ɗin, domin na Volkswagen gindinsa zagayayye ne, yawancin rim na kasuwa kuma mai tsini suke so. A ƙarshen lambar taya za ka ga abu kamar 92Y: 92 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 630. Ita 205/50 R17 akwai mai 89 akwai mai 93, kar ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta. Harafin gudu, wato Y ɗin nan da ke nuna iyakar gudun taya, shi ne kawai aka yarda ya sauka a tayar sanyi, H misali kilomita 210 ne a awa, amma sai an liƙa maka 'yar takarda a inda kake gani don kar ka manta a babbar hanya. Takardun motarka na ɗauke da girman da aka amince da su, ka fara da su.

Maganar muni kuwa, ɗan'uwa, wata biyar ne ko shida, ka yi haƙuri da shi.

Wasiƙa ta biyu wata Hajiya ce daga Tudun Wada ta rubuto a madadin ɗanta da ke Montreal a Kanada. Ta ce yana da BMW, tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, gaba 225/40 R19 baya 255/35 R19, yana so ya sayi tayar sanyi biyu kawai ya sa a baya tunda nan ne ƙarfin motar yake, don kuɗi sun yi masa kaɗan.

Hajiya, don Allah ki kira shi yau ki ce kar ya yi haka. In baya ya kama titi gaba bai kama ba, motar za ta tashi lafiya amma ya zo kwana ya murɗa sitiyari ta ƙi juyawa, birki ma mafi yawansa a gaba yake. Huɗu ake sawa, iri ɗaya. Kuma a lardin Kebek inda yake doka ta wajabta su daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a duk ƙafafun. Hanyar sauƙin kuɗi ita ce ya bar wannan tsarin na baya ya fi gaba, ya sayi 225/45 R18 guda huɗu, tsayinta kusan 660 ne, nasa na yanzu 663 da 661, ka ga sun yi daidai, kuma tunda duk girmansu ɗaya zai iya musanya na gaba da na baya kowace shekara su suɗe tare. Ya lura da shekarar motar wajen sayen rim, tsofaffin BMW 3 Series ramukansu 5x120 ne, sabon samfurin da ya fito wajen 2019 ya koma 5x112, ba sa shiga juna.

Sai mu dawo gida. Wani Malam daga Sabon Gari ya ce ya je sayen taya ta hannu, irin wadda muke ce wa Beljiyam, aka nuna masa wata mai zane sosai da hoton dutse da ƙanƙara, mai shago ya ce masa ita ce ta sanyi, ta dace da hunturun da ke tafe. Ya saya guda huɗu ya sa wa Mercedes ɗinsa, yana tambaya ko ya yi daidai.

Malam, wannan wasiƙar taka ta fi damuna a duk na yau, domin ba kai kaɗai ba ne, motoci da yawa a garin nan da irin tayar suke yawo. Sanyin Zariya ko a tsakiyar Janairu da asuba da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, kafin azahar kuma rana ta buɗe, bai kai inda tayar nan take aiki ba. Abin da zai same ta shi ne Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusan 40 kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Ka je ka danna farcenka a zanenta ka ji yadda yake nutsewa, ka gwada a tayar zafi ka ji bambanci. Wannan laushin a kan hanyar Kaduna ko ta Kano da rana tsaka, mota cike da iyali, yana sa ta ɗau zafi fiye da kima, birki ya ƙara tsawo, motar ta riƙa yi maka lilo a kwana, zanen da ya burge ka ya cinye da wuri. Kuma dalilin da ya sa take zuwa da sauran zane shi ne a Turai ana ba da shawarar a cire tayar sanyi tun zanenta na milimita 4, wasu kuma tsufa ne ya sa aka yar da su. Ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sati ne da shekara, in ka ga 3517 to sati na 35 ne na 2017. Wadda ta haura shekara shida ni ba na sa ta a motar da zan yi tafiya da ita, ko zanenta ya kai yaya. Shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci ma yana cikin abin da kwastam suka haramta, amma ga su nan a kasuwa. Na san tsadar sabuwa ce ke kai mutane can, ban raina wannan ba. In ba za ka iya canza su yanzu ba, ka bar motar a cikin gari, daga Sabon Gari zuwa PZ zuwa Kongo, ka rage gudu, ka fara tara kuɗin sababbi kafin zafi ya shigo, kuma gara sabuwa mai sauƙin kuɗi wadda aka yi don zafi da babban suna da aka yi don ƙanƙara.

Na ƙarshe wani matashi ne daga Kwangila, tambaya biyu ya haɗa. Ya ce da sanyin safiya fitilar iskar taya na kamawa a motarsa, da rana ta mutu, sannan yana so ya cire rim 17 ya sa 20.

Fitilar ba lalacewa ta yi ba, iska ce ke tsukewa da sanyi, duk digiri 5 zuwa 6 da aka sauka taya na rasa kusan 1 a gejin mai faci, ka ga tsakanin asubar hunturu da azahar za a iya samun 3. Ka auna da safe kafin motar ta yi tafiya, ka cika zuwa abin da aka rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba, ba lambar da ke gefen taya ba, waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ka tsaya a kan mai facin ya sa geji ka gani da idonka, kar ya ƙwanƙwasa da hannu ya ce ta yi. In ƙafa ɗaya ce kullum ke sauka, a zuba ruwan sabulu a bakin bawul da gefen rim a ga ko zai yi kumfa.

Rim 20 kuwa, lissafin da na yi wa na Jamus shi ne naka, sai dai kai juya shi za ka yi: inci 3 da ka ƙara a rim dole su fita daga gefen taya, kusan milimita 38 kenan a kowane gefe, abin da zai rage tsakanin rim da bakin rami ɗan kaɗan ne. Rami ɗaya da damina ya ishe shi ya lanƙwasa rim ko ya fitar wa tayar da ƙulu a gefe, kuma tayar da ta yi ƙulu ba ta facuwa, sai dai a yar. In dai sai ka ƙara, ka tsaya a 18.

Sauran wasiƙun, har da na masu tambaya kan batir da man birki, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.