Shaidar sigina da lambar waya ba abu ɗaya ba ne a AutoCAD Electrical

Masu kallo, tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan daga masu zanen wutar lantarki da manhajar AutoCAD Electrical ta kamfanin Autodesk ita ce: me ya sa kibiyar da ke shafi na 12 take nuna cewa wayarta ta taso daga shafin da ba ruwansa da ita?

Ga yadda abin yake a taƙaice. Idan waya ta kai ƙarshen shafi amma aikinta bai ƙare ba, sai a sa mata kibiyar mafari, a ɗaya shafin kuma a sa kibiyar masauki. Misali, wutar bolt 24 ta bar shafi na 3 ta sauka a shafi na 12, inda PLC yake, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin.

To, a nan ne ake samun ruɗani. Abin da ya ɗaure kibiyoyin nan biyu shi ne shaidar sigina, wato rubutun da manhajar take ajiyewa a wani gurbi na jikin kibiyar mai suna SIGCODE, wanda galibi ba ya fitowa a takardar da aka buga. Lambar da ke rubuce a kan wayar, 305 a misalinmu, fasinja ce kawai: tana tasowa daga mafari, ta bi shaidar, ta isa masauki. Duk ranar da aka sake jera lambobin wayoyin aikin, 305 na iya komawa 412, amma shaidar tana nan yadda aka rubuta ta, ba ta motsa ba. Saboda haka wanda ya raɗa wa siginarsa suna "305" don ya huta da tunani, zai wayi gari da waya mai lamba 412 ɗauke da shaida 305, kuma wanda ya gaji aikin bayansa ba zai yi masa addu'ar alheri ba. A ganina, gara a ba shaidar sunan da ke faɗin aikinta, kamar 24V_PLC1. Wanda yake aiki da babban kamfani kuwa, sai ya duba ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61175, wadda ta yi magana a kan raɗa wa sigina suna.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci: mafari ɗaya na iya ciyar da masauki da yawa, amma shaida ɗaya ba ta da mafari biyu a cikin aiki guda. Ku dubi abin da zai faru yanzu. An gama zanen injin farko, sai aka kwafi shafin dungurungum domin inji na biyu, shaidar ta biyo kwafin ba tare da ta yi sallama ba. Yanzu akwai mafari biyu masu suna ɗaya, masauki kuma ba shi da hanyar sanin wanne ne nasa, don haka lambar waya da lambar shafin da ke cikin XREF, wato gurbin da ke nuna inda ɗaya kibiyar take, suna iya fitowa daga inda ba a nufa ba. Zanen zai yi kyau a ido, sai mai haɗa akwatin wuta ya bi waya ya tarar da ita a wani wuri dabam.

Gyaran ba shi da wuya. Da zarar an kwafi shafi, a canza shaidar kowace kibiyar mafari kafin a taɓa komai, sannan a gyara masaukanta. A tabbata shafin yana cikin jerin fayil ɗin aikin mai ƙarshen wdp, a sabunta alaƙar siginoni ta aikin gaba ɗaya, a kuma buɗe rahoton kurakuran sigina a nemo masaukin da ba shi da mafari kafin a tura zanen wurin bugawa.