Amsoshin Tambayoyinku: Dusar ƙanƙara a biranen jihar Niyok, ina ta zarce ƙa'ida, ina ta gaza?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirin da ke amsa tambayoyin da kuke aiko mana a rubuce. Wasiƙun wannan mako sun karkata ne ga dusar ƙanƙarar da ke sauka a biranen jihar Niyok ta ƙasar Amurka, da yadda ake gane cewa ta wani hunturu ta zarce abin da aka saba gani ko kuwa ta gaza. Tare da ni akwai malamin da ya daɗe yana koyar da ilimin yanayi. Malam, barka da zuwa.

Malami: Barka kadai, Hajiya, ina kuma gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Lokacinmu kaɗan ne, don haka bari mu fara da gajeruwa. Wani bawan Allah daga Maraɗi ya ce an ba shi labarin cewa dusar ƙanƙara tana sauka a Jos, shin gaskiya ne?

Malami: Abin da ke sauka a Jos ƙanƙara ce, wadda ke zuwa dunƙule-dunƙule kamar tsakuwa tare da hadarin damina, har ta lalata amfanin gona. Ita dusar ƙanƙara laushi gare ta kamar audugar da aka shiɓe, kuma sai iska ta yi sanyin da ruwa ke daskarewa take kaiwa ƙasa. A Afirka ana samun ta a tsaunukan Maroko da ƙasar Lesoto da kan dutsen Kilimanjaro.

Mai gabatarwa: Ka ji, ɗan'uwa na Maraɗi, sai ka koma wurin mai labarin ka gyara masa cikin ladabi. Sai wata ɗaliba daga Zariya, wadda ta ce kullum tana jin ana cewa dusar bana ta haura matsakaici, to wane ne ya yanke wannan matsakaicin?

Malami: Tambaya ce mai kyau, domin duk abin da za mu faɗa nan gaba a kanta ya dogara. Masana yanayi sun yi ittifaƙi a kan ɗaukar shekara 30 a jere, a haɗa jimillar dusar da ta sauka a kowace shekara, a raba gida 30. Abin da ya fito shi ne matsakaici. A yanzu ana aiki ne da shekarun 1991 zuwa 2020, kuma duk bayan shekara goma ake sabunta lissafin. Shekarar dusa kuma a Amurka tana farawa ne daga 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni, domin kada a raba hunturu ɗaya gida biyu, shi ya sa za ki ji ana cewa hunturun 2022 zuwa 2023. Kamar manomi ne da ya rubuta damin da ya samu shekara 30, ya fitar da tsaka-tsaki. Ba lallai ne a taɓa samun shekarar da ya girbe daidai wannan adadin ba, amma da shi yake gane shekarar albarka da shekarar fari.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga tambayar da za mu ɗan zauna a kanta, domin mutane da dama sun aiko ta da lafazi daban-daban. Wanda ya fi warware ta shi ne wani direban tasi, haifaffen zangon Kumasi, da ke zaune a unguwar Bronks ta birnin Niyok. Ya ce a ƙarshen shekarar 2022 'yan'uwansa suka dinga kiran sa a firgice saboda sun ga hotunan motoci a binne, an ce a Niyok ne, alhali shi duk wannan hunturun bai ko ɗauki shebur ba. Yaya jiha ɗaya za ta zama haka?

Malami: Da shi da 'yan'uwan nasa duk sun yi gaskiya. Bari in fara kawo matsakaicin kowane birni, a hankali, saboda masu rubutawa. Birnin Niyok, inda yake zaune a bakin teku, yana samun kimanin inci 30 a shekara, wato santimita 76. Albani, babban birnin jihar, inci 59. Bingamton inci 86 da ɗoriya. Bafalo inci 95. Rocesta inci 102. Sirakus kuwa kusan inci 128, wato fiye da mita 3.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, Malam: Niyok 30, Albani 59, Bingamton 86, Bafalo 95, Rocesta 102, Sirakus 128. Ke nan a al'ada Sirakus ce kan gaba, ba Bafalo ba.

Malami: Haka ne, amma a hunturun da direbanmu ke magana a kai sai lissafin ya juye. Bafalo ta samu sama da inci 133, ta haura matsakaicinta da kusan inci 40. Sirakus da Rocesta kuwa kowacce ta tsaya a wajen rabin abin da ta saba samu. Shi birnin Niyok inci 2.3 kacal aka auna a duk hunturun, wanda shi ne mafi ƙaranci tun da aka fara ajiye bayanan dusa a can a 1869. Ki lura, tsakanin Bafalo da Sirakus kusan tazarar Kano zuwa Kaduna ce, amma ɗaya ta nutse, ɗaya tana neman dusar ruwa a jallo.

Dalilin yana cikin tafkuna biyu, Tafkin Eri da Tafkin Ontariyo. A farkon hunturu ruwan waɗannan tafkuna yana riƙe da ɗumin da ya tara tun bazara. Idan busasshiyar iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta ratsa samansu, sai ta kwashi ɗumi da danshi, ta tashi sama ta haɗa gajimare, da zarar ta hau tudu sai ta zubar da kayanta. Ana buƙatar bambancin kimanin digiri 13 a ma'aunin Salshiyos tsakanin fuskar ruwan da iskar da ke sama da shi da mita 1,500 kafin wannan ya kankama. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, gajimaren ba ya rufe yanki gaba ɗaya, yana zuwa ne a miƙe kamar rawanin da aka warware, tsawonsa mai yawa, faɗinsa wani lokaci bai wuce kilomita 20 ba. Wanda ke ƙarƙashinsa ba ya ganin gidan maƙwabcinsa, wanda ke gefe kuwa yana iya ganin rana.

Mai gabatarwa: Ashe kamar ruwan farkon damina ne, da kan jiƙa unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita da ƙura.

Malami: Ƙwarai kuwa, sai dai wannan yana iya tsayawa wuri ɗaya kwana biyu ko uku idan iska ba ta sauya ba. Tafkin Eri yana kwance ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, tsawonsa kusan kilomita 390, Bafalo kuma tana zaune a ƙarshensa na arewa maso gabas. Idan iska ta biyo tsawon tafkin, to Bafalo da garuruwan da ke kudu da ita ne za su sha. Sirakus tana kudu maso gabashin Tafkin Ontariyo, ita iskar arewa maso yamma take jira. A 2022 iska ta biyo tsawon Eri sau biyu da ƙarfi. A watan Nuwamba wasu garuruwan kudancin Bafalo sun samu wajen inci 80 cikin 'yan kwanaki, har aka mayar da wasan ƙwallon ƙungiyar Bafalo zuwa birnin Ditiroyit. Sannan daga ranar 23 ga Disamba guguwa ta sauke fiye da inci 50 a filin jirgin saman Bafalo. Waɗannan saukar biyu su kaɗai sun ba da fiye da rabin jimillar hunturun. In ban da su, hunturu ne mai sauƙi a jihar baki ɗaya.

Mai gabatarwa: To, ɗan'uwanmu na Bronks, ga amsarka a taƙaice, kuma ina maimaitawa saboda sauran da suka tambaya: tafki, da sanyin iska, da inda iskar ta fuskanta, su ne suka sa birni ɗaya ya haura matsakaicinsa maƙwabtansa suka gaza nasu. Amma ni ma ina da ƙorafi a kanka. Idan hotuna irin waɗannan suka bazu, kai ya kamata ka fara kiran gida ka kwantar wa iyaye hankali, kada ka bari sai sun neme ka.

Wani tela daga Agadas ya ce shi fa ya san mita da tef ɗinsa, idan dusa ta kai mita 3 a Sirakus, ta ina mutane ke fita daga gidajensu? Malam tela, mun yarda da tef ɗinka, amma saurari yadda ake awon.

Malami: Adadin jimilla ce ta duk abin da ya sauka a hunturu, ba tsayin abin da ke kwance a ƙasa ba. Ana ajiye farin katako a fili, a auna sabuwar dusar da ta taru a kansa, a share, ba a kuma sharewa fiye da sau ɗaya cikin awa shida. A ƙasa kuwa dusar tana dannewa, tana narkewa, motocin share hanya suna ture ta suna watsa gishiri. Galibi inci 10 na dusa idan ya narke inci 1 na ruwa yake bayarwa, dusar da tafki ke haddasawa ma ta fi haka sakayau. Akwai kuma wani abu: awon da ake dangantawa ga Bafalo a filin jirgin sama ake yin sa. A Nuwamban 2014 wasu garuruwa kudu da birnin sun samu fiye da mita 2, filin jirgin kuwa ɗan kaɗan ya samu daga ciki, don haka alƙaluman birni ba su nuna wahalar da waɗannan mutane suka sha ba.

Mai gabatarwa: Wani malamin makaranta daga Garwa yana son sanin ko sauyin yanayi ne ya jawo wannan hawa da sauka.

Malami: Wannan ya tuna mini da Janairun 1977. A wancan hunturun sanyi ya yi tsanani har Tafkin Eri ya daskare tun da wuri, domin ba shi da zurfi, matsakaicin zurfinsa mita 19 ne, ba kamar Ontariyo mai mita 86 ba, wanda da wuya ya daskare gaba ɗaya. Dusa ta taru a kan daskararren tafkin, sai guguwa ta zo ta kwashe ta ta jibge wa Bafalo. Sabuwar dusar da ta sauka daga sama a lokacin ba ta wuce inci 12 da 'yan kai ba, amma tarin da iska ta yi ya rufe motoci da gidaje, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya afka wa. Hunturun 1976 zuwa 1977 shi ne mafi yawa a tarihin Bafalo, inci 199.4.

Mai gabatarwa: Malam, sauyin yanayi aka tambaya.

Malami: Ina zuwa, Hajiya. Idan Eri ya daskare, an rufe tukunyar da ke ba da danshin, dusar tafki ta ragu. Idan duniya ta ƙara ɗumi, tafkin zai daɗe a buɗe, don haka duk ranar da iska mai sanyi ta zo za ta iske ruwa a shirye. Ke nan ana iya samun hunturu mai ɗumi a jimlace, amma da saukar dusa ɗaya ko biyu masu nauyin gaske. Sai dai hunturu ɗaya ba ya isa hujja, shi ya sa muke duba shekara 30.

Mai gabatarwa: Ga wasiƙar da ta fi taɓa ni. Wata uwa ce daga Katsina, ɗanta zai tafi karatu Bafalo, ta ce tunda matsakaicin can bai kai na Sirakus ba, ko za ta iya sakin ranta?

Malami: Hajiya, Allah ya ba shi sa'a, mutane dubbai suna karatu a can lafiya. Amma kada a dogara da matsakaici wajen auna haɗari. Guguwar Disambar 2022 ta yi sanadin mutuwar fiye da mutum 40 a yankin. Wasu a cikin motocinsu da suka maƙale aka same su, wasu a kan titi bayan sun fita da ƙafa, wasu zuciyarsu ce ta buga suna kwasar dusa da shebur, wasu kuma a gidajen da wuta ta ɗauke. Idan hukuma ta hana tuƙi, ya zauna a ɗaki. Ya tanadi abinci da ruwa da magani na kwana uku, ya cika wayarsa da caji. Idan mota ta maƙale da shi, kada ya bar ta, kuma kafin ya kunna inji don jin ɗumi ya tabbata dusa ba ta toshe salansa ba, domin hayaƙin da ke komawa ciki ba shi da wari, kuma yana kisa. Haka nan kada ya kunna janareta ko gawayi a cikin ɗaki.

Mai gabatarwa: Ni kuma zan ƙara da nawa. Samarinmu, ku daina raina sanyin da ba ku sani ba. Rigar da ta ishe ku a hunturun Katsina ba za ta yi muku komai a can ba, ku sayi takalmi mai rufi da safar hannu da hula kafin ku sayi sabuwar waya. Mama, ki sa shi ya yi miki alkawarin wannan kafin ya hau jirgi.

Saura minti ɗaya. Wani yaro ɗan sakandare daga Damagaram ya ce wai da gaske ne biranen suna gasa a kan dusa?

Malami: Da gaske ne, Albani da Bingamton da Bafalo da Rocesta da Sirakus suna da kambun da ake bai wa wadda ta fi samun dusa a kowane hunturu, Sirakus ce ta fi ɗauka, kuma adadinta mafi yawa shi ne inci 192.1 a hunturun 1992 zuwa 1993.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam, Allah ya ƙara basira. Mai tambaya daga Yamai a kan biranen Japan, wasiƙarka tana hannuna, da ita za mu buɗe shiri na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.