Kafin ka nemi digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta

An gabatar da wannan lacca ga ɗalibai Hausawa a Jidda, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka taso tun daga Makka da Madina.

An ce in yi magana a kan neman digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, zan kuma fara da abin da ya fi damuna. Da yawa daga cikinku kuna ɗauka digiri na biyu ƙarin darasin rubuta manhaja ne. Wallahi ba haka ba ne. In dai harsunan rubuta manhaja irin su Python ko Java kake son ƙwarewa a kai, kana iya koya a ɗakinka, ba sai ka ba jami'a shekara biyu ba. A digiri na biyu ana koya maka ka ɗauki tambayar da ba a gama amsa ta ba, ka karanta abin da na gabanka suka yi, ka gwada naka, sannan ka tsaya gaban malamai ka kare shi. Wasu jami'o'in suna da hanya biyu, ta kwasa-kwasai zalla da ta kundin bincike. Mai neman aiki a kamfani, ta farko ta ishe shi. Amma duk wanda yake hangen digiri na uku, ina roƙonsa ya bi ta kundi.

Wuraren karatu kuwa, Allah Ya sa kuna zaune kusa da su. A Suwal, arewa da nan, ga Jami'ar Sarki Abdullah ta Kimiyya da Fasaha, wato KAUST, wadda aka buɗe a 2009. Da Turanci ake karatu a can, wanda aka ɗauka kuma ba ya biyan kuɗin makaranta, ga masauki, ga alawus. Suna da katafariyar kwamfutar bincike mai suna Shaheen, kuma a 2021 suka ɗauko Jürgen Schmidhuber, ɗaya daga cikin manyan masanan ƙirƙirarriyar basira. A Zahran akwai Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai, tun 1963. Ga ta Sarki Sa'ud a Riyad, ga ta Sarki Abdul'aziz nan cikin gari. Guraben tallafin gwamnati iri biyu ne, na mazauna ƙasar masu igama da na masu nema daga waje, ana kuma neman su ta shafin Idrus fis Sa'udiyya. Ƙannenmu da aka haifa a nan, don Allah ku duba takardunku tun da wuri, kada ranar cike fom ta zo igama ta ƙare. Haka 'yan uwanmu da yaƙin Sudan ya katse wa karatu tun Afrilun 2023, ku fara neman takardar sakamakonku yanzu, don ita ce ke cin lokaci.

To, sai lissafi. Nan ne ake faɗuwa, nan kuma zan ɗan daɗe. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, in ka buɗe cikinsa, jerin lambobi ne ake ninkawa da juna, ana auna kuskure, ana gyara lambobin kaɗan-kaɗan har kuskuren ya ragu. Wanda bai riƙe aljabara da ƙididdiga da lissafin yiwuwar abu ba, zai iya kwafo manhajar wani ta yi masa aiki, amma ranar da ta ba shi amsar banza ba zai san inda ta karkace ba. Haka darasin algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala. Za a tambaye ka, wannan hanyar da ta yi aiki a kan suna dubu, in sunayen suka kai miliyan goma fa, za ta gama yau ko sai baɗi? Ku ɗauki wata shida kafin ku nema ku koma kan waɗannan. Turanci ma haka, domin za a nemi sakamakon jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, kuma kusan duk takardun binciken fannin da shi aka rubuta su. Larabcinku ni'ima ce, amma ba zai ɗauke muku wannan ba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Idan ka zo rubuta wa farfesa wasiƙa, kada ka ce kana sha'awar kwamfuta tun kana yaro, kowa haka yake rubutawa. Karanta aikinsa biyu ko uku, ka je masa da tambaya. Mu kuwa tambayoyi sun yi mana yawa, a bakin ƙofarmu suke. A Hajjin 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma dubban su Hausa kaɗai suke ji. Kun sha ganin tsohuwa ta ɓace a Mina, tana bayani askar, wato jami'in tsaro, bai gane ba, sai an nemo ɗan Takari ya yi tafinta. Google ta saka Hausa a manhajarta ta fassara tun 2013, amma gwada ta da maganar tsohuwar nan, da karin harshen Sakkwato ko na Damagaram, cikin hayaniyar Jamrat, ka ga inda za ta tsaya. Dalili shi ne injin yana koyo ne daga abin da aka ba shi, muryoyin Hausa da aka tattara aka rubuta kuwa kaɗan ne. Ga rubutun ajami da kakanninmu suka bari, wanda manhajar karanta Larabci ke tuntuɓe a kansa saboda wasulla da haruffan da Larabci ba shi da su. Wa ya fi ku cancantar wannan aiki, ku da kuka tashi da Hausa a gida da Larabci a titi? Jami'ar Ummul Ƙura tana da cibiya guda ta binciken Hajji da Umra. A Afirka kuma akwai Masakhane, haɗakar masu binciken harsunanmu, ƙofarsu a buɗe take ga ɗalibi.

Wata ƙanwata a baya ta miƙo takarda tana tambaya, wanda ya yi digirin farko a wani fanni zai iya shiga? Malama, ya danganta. Mai lissafi ko injiniya, sau da yawa ana ɗaukarsa a ɗora masa kwasa-kwasan cike giɓi. Wanda ya fito daga Shari'a ko Luga, hanyarsa ta fi tsawo, sai ya fara da difloma, amma in binciken harshe zai yi, nahawun da ya sani zai yi masa rana sosai. Ki same ni bayan sallah da takardar sakamakonki mu duba tare. Ga shi an fara kiran Isha, sauran tambayoyin sai mun dawo.